Ɓarawon Tukunya Mai Yoyo

Ranar da matan Bayan Inji suka dawo daga biki a Lajawa, ko mayafi Saudatu ba ta cire ba ta zagaya bayan gida ta ga ko awaki sun yi mata ɓarna a murhu. Awaki ba su taɓa komai ba. Duwatsun murhu suna nan, buhunan ƙaiƙayin da take hura wuta da shi suna jingine, sabuwar tukunyar turara shinkafa tana kife inda ta bar ta. Tsohuwar ce babu, ta ƙarfen nan da ta gada wurin mahaifiyarta, wadda ƙato ma sai ya yi nishi yake mirgina ta. Saudatu bazawara ce, kuma ba mace ce mai kururuwa ba, amma salatin da ta yi ya isa ya fito da layin gaba ɗaya.

Bayan Inji unguwa ce da ta tsiro a gefen Wudil, a bayan wani babban injin casar shinkafa. Maza suna aiki a ciki, mata suna turara shinkafa shanshera a waje su shanya a bakin titi, jiniyar inji ce take tayar da kowa ta kuma sallami kowa. Ƙaiƙayi kuwa ba ya neman izini, yana sauka a kan shanya, a kan rawani, har cikin shayi. Kusan kowa a unguwar zuwa ya yi, wani daga Darki, wani daga Ɗankaza, wani daga inda ba a tambaya. Ana zaman lafiya, ana gaisuwa mai tsawo, amma da abu ya ɓace sai kowa ya tuna bai san kakan maƙwabcinsa ba.

Aka aika wa Malam Labaran mai bin sawu. Ƙuruciyarsa duk ya ƙarar da ita ne yana bin sawun shanun sata wa dillalan kasuwar Kara, har sai da gwiwa ta ce masa ya isa haka. Ido dai yana nan da kaifinsa. Aibinsa ɗaya ne, kuma matarsa ta sha faɗa masa: idan mutane suka yi masa zobe suna jira, bakinsa kan riga hankalinsa. Ya iso yana dogara sanda, ya sa aka ja da baya, ya tsuguna. Ƙaiƙayin da kowa ke tsine wa shi abokin aikinsa ne, don ya kwanta a ƙasa lif, ya riƙe duk abin da ya taka shi. Ga inda aka mirgina tukunya, ga inda aka ɗora ta a kan abu mai taya biyu, kuma tayar hagu tana da faci mai faɗi da ke barin tambari duk juyi.

"Kura ce aka kawo," in ji shi, yana kakkaɓe hannu. "Kuma wannan facin na san shi. Kurar Bilya ce."

Kafin ya miƙe tsaye rabin taron ya riga ya yi gaba.

Bilya ɗan gwangwan ne, wato mai yawo da kura yana sayen tsofaffin ƙarafa da fasassun robobi. Saurayi ne ɗan Darki, mai yawan dariya, yana haya a wani ɗaki a ƙarshen layi. Sana'arsa ce ta yanke masa hukunci tun kafin a tambaye shi: ƙarfe ya ɓace, ga mai sayen ƙarfe, me kuma ake jira? Aka birkice ɗakin, aka zazzage buhunansa, aka sami murfin fanka da ƙafar keke da tsohuwar rariyar injin markaɗe, ba a sami tukunya ba. Da mai unguwa Malam Wali ya tambaye shi inda kurarsa ta je da rana, sai ya ce kura dai tasa ce, tukunya kuma bai ɗauka ba, inda kurar ta je kuwa ya ƙi faɗa. Samari suka fara naɗe hannun riga. Oga Haladu, babban mai walda na inji kuma ɗan kwamitin unguwa, dattijo mai kunya wanda matarsa ta rasu ya ƙi sake aure, ya yi ta cewa a bi a hankali, a bi a hankali, yana share gumi da hularsa. Mai unguwa ya hana duka. Amma mai gidan haya ya rantse cewa in Juma'a ta zo tukunya ba ta fito ba, Bilya ya kwashe komatsansa. Kowa ya san abin bai tsaya a ɗaki ba. Ɗan gwangwan da aka kira ɓarawo ya gama sana'a a Wudil, don babu matar da za ta sake buɗe masa ƙofa.

Labaran ya koma gida ana yi masa sannu da aiki, shi kuwa ya san aiki bai yi ba. Kura ya gani, bai ga mutum ba, kuma ya san bambancin. Magana zarar bunu ce, ya zare a gaban jama'a, yanzu ga yaron mutane zai kwana a titi saboda shi. Abin ya dame shi ƙwarai.

Da safe ya fara da Rabi, wadda ita ma turara shinkafa take yi, kuma duk unguwa ta san ba sa ga-maciji da Saudatu tun rigimar wurin shanya. An yi ta raɗe-raɗin ko ita ta sa a ɗauke don ta karya kishiyar sana'arta. Ya same ta tana juya shanshera da ƙafa a kan tamfol. Suka gaisa har gajiyar biki da ta 'yan Lajawa, sannan ya kewaya ya zo kan magana. Rabi ta ce ita da Saudatu mota ɗaya suka shiga, kujera ɗaya suka zauna, kowa ya juya wa kowa ƙeya har Lajawa, in ana neman shaida a tambayi direba. Sai kuma ta fashe da dariya.

"Malam Labaran, in zan yi sata in tsaya ɗaukar wannan rariyar? Tukunyar da gindinta ke yoyo, kullum sai an cusa mata tsumma da sabulu? Ga sabuwa fil a kife kusa da ita. Ni dai ko ɓarawon nan wawa ne, ko ba tukunya yake so ba."

Labaran ya yi mata godiya ya wuce. Ta so ta ci mutuncin tukunyar Saudatu ne kawai, amma ta ba shi abin taunawa. Sabuwar ta fi nauyi, ta fi tsada ko a wurin masu awon ƙarfe. Ɗan gwangwan ba zai yi wannan kuskuren ba ko da ido a rufe.

Ya koma murhun ya bi sawun a nutse, ba mai kallonsa sai wata akuya. Tsakanin tayoyin biyu akwai ƙafar mai turawa, kuma ba silifas ɗin Bilya ba ne, babban takalmi ne mai ƙwanƙwasan gindi. Ransa ya yi fari. Ya bi shi lungu lungu har bakin kwalta inda sawun kurar ya ɓace, ya tsallaka ya sake tsinto takalmin a ɗaya gefen, ya bi shi da murna har teburin mai shayi na ƙofar inji. Nan ya tarar da ma'aikata a jere a benci suna karyawa, ya dubi ƙafafunsu, sai ya ga duk takalmin nan ne, iri ɗaya, wanda inji ke raba wa kowa. Har mai shayin ma wani ya ba shi tsoho ya saka. Suka yi masa tayi, ya zauna ya sha shayin don kada tafiyar ta zama ta banza.

Daga nan ya nufi ɗakin Bilya. Ya same shi yana ɗaure buhuna, dariyar nan tasa duk ta gudu. Labaran ya zauna a bakin ƙofa, ya yi abin da bai saba ba, ya ce shi ya jawo masa, ya yi gaggawar magana. Sannan ya ce ya san ba shi ya tura kurar ba, mai takalmin inji ne, ya faɗi sunansa kawai a huta.

Bilya ya daɗe yana murza igiya. "Baba, ara aka yi. Wanda ya ara ya ce in rufa masa asiri, na ce to. Ban san abin da zai ɗauko ba, wallahi. Amma na riga na ce to."

"Ko da za a kore ka?"

"Shi ya san inda nake, Baba. In ya ga dama ya yi magana."

Labaran ya lallasa, ya tsorata, ya kawo misalai, duk a banza. Ya fito yana jin haushin taurin kan yaron, yana kuma jin ya ƙara shiga ransa.

Ana jibi Juma'a ya sake komawa wurin Saudatu, ba don yana da sabuwar dabara ba, sai don ƙafarsa ta saba. Ya tarar ta birkito sabuwar tukunyar za ta ɗora, don aiki ba ya jiran ɓarawo. Tana ba shi labarin tsohuwar, yadda uwarta ta aurar da 'ya'ya da ita, yadda ta kai ta wurin masu gyara suka ce ta mutu sai dai a sayar, idonsa ya sauka a kusa da hannun sabuwar. An zana wata 'yar da'ira da farin alli, an ja gajeren layi a ƙarƙashi. Ya kanga ido ya duba tsakiyar da'irar, sai ga tsaga siririya kamar gashi, wadda ko mai tukunyar ba ta taɓa lura da ita ba. Saudatu ta ce ba ita ta zana ba, kuma ranar da za ta tafi Lajawa ta wanke tukunyar tas da toka kafin ta kife.

Wato ɓarawon ya zo da gaggawa, ya ɗauki mai yoyo, amma ya tsaya ya duba lafiyar wadda zai bari har ya yi mata alama. Labaran ya miƙe a hankali. Shekara da shekaru yana kallon ƙasa, yau ya ɗaga kai ya bi unguwar yana kallon ƙarfe. Ga da'irar a jikin ƙofar makarantar Islamiyya, daidai inda fatar ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai ta fara cinyewa. Ga ta a ƙafar rumfar mai nama. Ga ta a gindin kurar Bilya, sabuwa, ko gogewa ba ta yi ba. Ga ta har uku a tankin alwala na masallaci, kowace da ɗan layinta a ƙasa. Ya sami ladan yana shara, ya tambaye shi wane ne yake ɓata musu tanki da alli. Ladan ya ce ai wannan tsohuwar cuta ce, mutumin ko sahu ya shiga ya ga tsaga a ƙarfen taga sai ya yi haƙuri da ƙyar ya kai sallama, ya faɗi sunan. Labaran ya yi dariya har sai da ya nemi dakali ya zauna.

Ya yi tunanin ya je ya same shi a keɓe, don mutum ne mai mutunci. Sai ya tuna a gaban jama'a aka shafa wa Bilya baƙi, don haka a gaban jama'a za a wanke shi. Wannan karon kuma ya yi alkawari bakinsa ba zai kira sunan kowa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Ga Bilya a rakuɓe, ga mai gidan haya, ga 'yan kwamiti har da Oga Haladu, Saudatu da Rabi kuma suna daga bakin ƙofar cikin gida, kowace ta kama gefenta. Samari sun cika waje suna leƙe. Labaran ya shigo a makare da wani tsohon bokitin ƙarfe a hannu, ya ce na matarsa ne zai kai gyara in an tashi, ya ajiye shi kamar da wasa a gaban Haladu, ya zauna.

Sannan ya buɗe baki, kuma Allah ya hore masa. Ya faro daga facin taya, ya bi ta kan Rabi ya wanke ta, ita kuwa ta ce dama ba ta yi datti ba. Ya kawo takalmi, ya kawo mai shayi, ya ratse ya shiga labarin wani bijimi da ya taɓa bi har ƙasar Gaya. Mai unguwa ya fara hamma. Mai gidan haya ya ce a taƙaita. Labaran bai taƙaita ba, yana magana yana satar kallon gefe. Haladu ya zauna a takure, hankalinsa ba ya wurin, idonsa a kan bokitin. Ya kau da kai, ya dawo. Ya jawo shi kusa, ya juya gindinsa, ya shafa da babban yatsa. Can hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa, ya fito da guntun alli, ya zana da'ira, ya ja ɗan layi a ƙasa.

Labaran ya yanke labarin bijimi a tsakiya. Ya roƙi a miƙa wa mai unguwa bokitin, ya sa samari suka shigo da sabuwar tukunyar Saudatu da ya sa aka ajiye a waje, aka jera su.

"Ranka ya daɗe, ni ban ce kowa ba. A duba hannun da ya yi wannan, a duba wanda ya yi wancan."

Haladu ya dubi allin da ke hannunsa kamar wani ne ya saka masa. Sai ya cire hula, ya ce tukunya tana gidansa, a bayan ɗaki, an rufe ta da buhu.

Da ƙyar maganar ta fito, ana jawo ta kamar guga. Kullum in zai wuce aiki yana ganin Saudatu tana fama da tsumma da sabulu, ruwa yana kashe mata wuta, abin yana ci masa rai. Ya san in ya ce ta kawo ya gyara za ta ce nawa ne, in ya ce kyauta unguwa za ta ce me ya sa. Sai ya yi dabarar ya ɗauke ranar biki, ya liƙe, ya mayar kafin mata su dawo, ta wayi gari ta ga yoyo ya tsaya ba ta san dalili ba. Da ya kankare gindin sai ya tarar duk ya ruɓe, sai an yanke an sa sabon faranti. Yana cikin yanka aka ɗauke wuta. Kafin a kawo, salatin Saudatu ya riga ya tashi. Tun ranar yake neman hanyar mayarwa a ɓoye, samari kuma sun kafa gadi a lungun.

Mai unguwa ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar, yana gani za a kori yaro. Haladu ya sunkuyar da kai ya ce kunya, kuma ya san kunyar ba ta isa hujja ba. Rabi ce ta fasa ƙwan daga bakin ƙofa, ta ce ita ma tukunyarta tana yoyo shekara guda, ba ta ga an sace ba. Dariya ta ɓarke har waje, mai gidan haya ma da ya zo da fushi sai da ya riƙe ciki.

Aka turo tukunyar a kurar Bilya. Gindi sabo, walda lafiyayya kamar ɗinki, an zuba ruwa ko ɗigo. Saudatu ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce gyara ya yi, ta gode. Sauran maganar da ba a faɗa ba kuma, gidansu yana da ƙofa, tana da yayye a Lajawa, mai nema ya bi ta nan ya daina bi ta bayan murhu. Amma ba za ta saurari kowa ba sai an san yadda aka yi da yaron nan.

Sai a lokacin aka juya ga Bilya, kuma dariyar ta ragu. Haladu ya taso ya durƙusa a gabansa, dattijo da furfurarsa, ya nemi gafara. Mai gidan haya ya ce ɗaki nasa ne har ya gaji. Samarin da suka naɗe hannun riga suka yi ta sosa ƙeya. Mai unguwa ya ce ya faɗi abin da yake so a yi masa.

Bilya ya ce ya yafe, ɗaki kuma ya gode. Abu ɗaya ne. Masu zuwa cin kasuwa sun riga sun kai labari Darki, an faɗa wa innarsa ɗanta ya zama ɓarawo a Wudil. In shi ya je ya ce ƙarya ne, ɗa ne yake kare kansa. Yana so wanda ya faɗa da wanda ya jawo su je su gaya mata da bakinsu.

Washegari da hantsi Haladu ya goya Labaran a babur suka kama hanyar Darki, Bilya yana biye a wani. Suka sami tsohuwar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo fura, aka gaisa har kaji da awaki. Sannan dattawan biyu suka shiga bayani suna karɓe wa juna, wannan ya ce laifinsa ne, wancan ya ce a'a nasa ya fi. Labaran, wanda bai taɓa rasa magana ba, ya yi ta inda-inda. Tsohuwar tana ji, hannunta bai daina ɓara ba. Da suka gama ta tambayi abu ɗaya, ko da aka matsa masa ya faɗi sunan. Suka ce bai faɗa ba.

Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta da ke tsaye a bakin zaure, ta daɗe tana dubansa, sannan ta tura wa baƙin ƙwaryar fura.

"Ku sha, kun sha hanya. Da ma ni ban tsaya jin ta bakin 'yan kasuwa ba. Ni na raine shi."